Kati Biyu, Ƙofa Biyu: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba Wajen Kafa Katangar Tsaron Intanet a Gida

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar kwamfuta ya ce zai girka ta tsakanin modem da mutanen gidansa, ya san cewa amana ya ɗauka. Wayar maigida mai manhajar banki, ta uwargida da take sayar da kaya a WhatsApp, kwamfutar yara ta karatu, har da kyamarar da ke bakin ƙofa, duk ta hannunsa za su riƙa fita. Manhajojin da ake wannan aiki da su kyauta ne, kuma nagartattu ne: pfSense tana nan tun 2006, OPNsense ta ɓalle daga cikinta a 2015, ga kuma IPFire da aka gina kan Linux. Ba kasafai manhajar take ba da kunya ba. Inda ake faɗuwa shi ne wajen katunan sadarwa, wato kafofin da ake soka kebul a cikinsu.

Kwamfutar nan matsayin zaure take da shi a gida. Ƙofa ɗaya tana kallon titi, ita ce manhaja take kira WAN. Ɗaya tana kallon cikin gida, ita ce LAN. Ba mai shiga, ba mai fita sai ta tsakaninsu. Duk dokokin da ke ƙasa manufarsu ɗaya ce, kada ƙofofin nan biyu su cakuɗe, kada kuma a bar wata hanya ta bayan fage.

Kada ka fara da kafa ɗaya. Gaskiya ne ana iya raba kafa guda gida biyu ta hanyar VLAN idan akwai suwich mai saiti, amma wannan aikin ƙwararre ne, kuma kuskure ɗaya a saitin suwich ɗin ya isa ya haɗa titi da cikin gida ba tare da ka sani ba. Ka nemi kafa biyu da ido yake gani, hannu yake taɓawa. Kati ɗaya mai kafa biyu ya wadatar, domin manhaja tana ɗaukar kowace kafa a matsayin kati mai zaman kansa.

Ka sayi katin Intel. A nan ba na sassautawa. pfSense da OPNsense duka a kan FreeBSD suke zaune, kuma direbobin Intel a FreeBSD sun daɗe, an goge su, suna ɗaukar nauyi dare da rana ba su gajiya. Samfurin i210, i211 da i350 duka suna aiki lafiya a gudun gigabit, tsofaffin PRO/1000 ma haka. Katin Realtek, wanda shi ne ya fi yawa a jikin madabod na kwamfutocin gida, zai yi aiki ranar farko, zai yi a mako na farko, sai wata rana da dare ana tsakiyar saukar da babban fayil kafar ta yi shiru, sai an kashe na'urar an kunna. Irin wannan ciwo ya fi mutuwar kati gaba ɗaya wahala, domin za ka zargi kamfanin intanet, ka zargi modem, ka canza kebul, alhali abin yana jikin na'urarka. Idan aljihu bai ba da dama ba sai Realtek, to ka karkata ga IPFire, domin Linux ya fi iya zama da shi. Idan kuma kafa ɗaya Intel ce ɗaya Realtek, ka sa ido sosai a kan ta Realtek a makonnin farko.

Kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Jabun katin i350 ya yi yawa a kasuwannin duniya. Sau tari katin gwanjo da aka ciro daga tsohuwar sabar ofis ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Ka ce mai shago ya soka shi a kwamfuta a gabanka. A Linux umarnin lspci zai faɗi sunan abin da ke ciki, a FreeBSD kuma pciconf -lv.

Kada ka sayi katin da bai wuce megabit 100 ba, ko da layinka na yau bai kai haka ba. Layi yana ƙaruwa, kati ba ya ƙaruwa.

Kada ka dogara da adaftar USB. Tana zafi, tana sakin jiki idan an taɓa tebur, kuma idan na'urar ta tashi ba ta gan ta ba, sai manhajar ta tsaya tana jiran wani ya zo ya faɗa mata wane kati ne wane, gida kuwa babu intanet. USB 2.0 ma iyakarta a takarda megabit 480 ne, a aikace ba ta kai wa nan.

Ka buɗe kwamfutar ka duba ramin kati kafin ka tafi kasuwa. Tsohon ramin PCI, dogon nan da yawanci fari ne, megabayit 133 yake iya ɗauka a daƙiƙa, kuma duk katunan da ke kansa rabawa suke yi. Tunda kowane ƙunshin bayani sai ya shiga ta wani kati ya fita ta wani, sau biyu yake bin hanyar, sai gudu ya karye. Ramin PCIe kowane da hanyarsa, shi za ka nema. Ka duba faɗin akwatin kuma. Siraran kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da ƙananan HP gajeren ƙarfen baya suke ɗauka. Kada ka lanƙwasa dogon ƙarfe da fulaya, kada kuma ka cire ƙarfen ka bar kati yana lilo a rami. Ka tabbata injin 64-bit ne, domin pfSense da OPNsense sun daina fitar da na 32-bit.

Kada ka sa katin Wi-Fi a cikin katangar da nufin ta zama ita ce mai watsa wa gida. Wannan aikin rauta ne, za mu zo kanta.

Ka zare wayar wuta daga bango kafin ka soka kati. Kashe na'ura da maɓalli bai isa ba, domin madabod yana riƙe da 'yar wuta muddin waya tana jone. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki katin, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe, jiki yake tara lantarkin nan mai tartsatsi idan an taɓa ƙofar mota. Ka riƙe kati ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoransa masu ruwan zinariya. Ka danna shi ya zauna daram, ka ɗaure noti.

Yanzu ga inda na fi so ka nutsu.

Kada ka yi cinta wajen sanin wace kafa ce ta waje, wace ce ta ciki. Manhaja ba ta san hagu da dama ba, sunaye take bayarwa. A FreeBSD sunan direba ne da lamba: em0 ko igb0 ga Intel, igc0 ga sababbin Intel masu gigabit 2.5, re0 ga Realtek. A Linux za ka ga eth0 ko irin enp3s0. Lambar ba ta bin jerin da idonka yake gani a bayan akwati. A wani katin mai kafa huɗu, ta sama ce sifili, a wani kuma ta ƙasa ce. Abin da ya fi rikita mutane shi ne, idan aka bar manhajojin su zaɓa da kansu, pfSense takan ba kafar farko WAN, ita kuwa OPNsense takan ba ta LAN. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗaya, da hannunsa zai juya ƙofar cikin gida ta kalli titi. Ƙofar ciki kuwa ita ce wadda aka yarje wa komai tun daga farko, a kanta shafin sarrafa na'urar yake, a kanta ake rabon adireshi.

Saboda haka ka yi shi a hankali. Ka jona allo da kibod a jikin na'urar. Ka zare duk kebul. Ka soka guda ɗaya tak wanda ɗaya bakinsa yake jone da suwich mai wuta, ka ga wane suna ne ya nuna ya tashi. Ka rubuta sunan da adireshin MAC ɗinsa, wato lambar nan mai gida shida da kamfani ya buga wa kowace kafa, wadda ba ta canzawa ko an sauya rami. Ka zare, ka koma ta gaba. Sannan ka manna takarda da salatif a kan kowace kafa, ka rubuta WAJE da CIKI da manyan baƙaƙe. Kebul ɗin ma ka bambanta launinsu. IPFire ta gaji tsarin launi mai kyau daga magabatanta: ja na intanet, kore na cikin gida, shuɗi na Wi-Fi, ruwan lemo na sabar da ake buɗe wa jama'a. Ko ba ita kake amfani da ita ba, ka ari ja da kore. Ba don kanka kaɗai kake yi ba. Ranar da ka yi tafiya aka zare komai za a share ɗaki, ƙaninka ko ɗanka ne zai mayar, kuma da takardar nan kaɗai zai yi aiki.

Kada ka bar waje da ciki su zauna a rukunin adireshi ɗaya. pfSense da OPNsense suna zuwa da 192.168.1.1 a ɓangaren LAN. Rautar Starlink, wadda ta shigo Nijeriya a 2023, ita ma 192.168.1.1 take amfani da shi, haka modem da yawa na kamfanonin faiba. Idan kafar waje ta karɓi 192.168.1.20 daga modem, kafar ciki kuma tana 192.168.1.1, na'urar ba za ta san ta wace ƙofa za ta tura saƙo ba. Fitilu duk za su yi kore, komai zai yi kamar lafiya, amma shafi ba zai buɗe ba. Rautocin Huawei na 4G yawanci 192.168.8.1 suke ɗauka, don haka masu su sukan tsira ba da saninsu ba, sai ranar da aka sauya layi abin ya bayyana. Maganin shi ne tun kafin ka soka kebul ɗin modem ka sauya adireshin ciki. Tun 1996 aka keɓe rukuni uku don amfanin cikin gida: wanda ya fara da 10, wanda ya kama daga 172.16 zuwa 172.31, da wanda ya fara da 192.168. Ka zaɓi lambar da ba kowa yake ɗauka ba, kamar 192.168.57.1 ko 10.44.7.1. Ka guji 192.168.0, 192.168.1, 192.168.8 da 192.168.100, wannan na ƙarshe faifan Starlink da modem ɗin faiba da dama suna zaune a kansa. Kada kuma ka ƙirƙiro lambar da ba ta cikin rukunan nan uku don ta yi maka daɗin haddacewa, domin tana da mai ita a wani wuri, kuma ranar da ka nemi shafinsa ba za ka same shi ba.

Kada ka cika gurbin mafita, wato getwe, a katin ciki. Mafita a katin waje kaɗai take. Gurbin yana nan a fom ɗin LAN yana jan ido, ka bar shi fanko.

Ka tambayi kamfanin intanet ɗinka yadda layinsu yake ba da adireshi, kada ka yi ta gwaji. Hanyoyi uku ne. Ko DHCP, inda kati yake karɓa da kansa. Ko PPPoE, mai suna da kalmar sirri, wanda kamfanonin faiba da na rediyo da yawa suke amfani da shi, wasu har da lambar VLAN da dole a sa a kan kafar waje. Ko kuma tsayayyen adireshi da za su rubuta maka tare da mafita. Ka karɓi waɗannan bayanai a rubuce ranar da masu jona layi suka zo, tun suna tsaye a gidanka. Idan PPPoE ne, ka san cewa yana cin bayit 8 daga cikin 1500 da Ethernet yake ɗauka, saura 1492. Manhajojin sukan daidaita wannan da kansu. Kada ka mayar da shi 1500 da hannu. Alamar an ɓata shi ita ce wasu shafuka su buɗe, wasu su tsaya a rabi.

Ka kashe modem na ɗan lokaci ka kunna duk sadda ka sauya na'urar da ke bayansa. Wasu suna riƙe MAC ɗin na'urar farko da suka gani, ba sa kula sabuwa. Idan kamfanin ne da kansa ya ɗaure layin da tsohon MAC, ka kira su su sake, ko ka kwafi tsohon ka sa a saitin kafar waje. Idan ka kwafa, kada tsohuwar na'urar ta ci gaba da zama a layi ɗaya da sabuwa.

Ka koyi karanta adireshin da katin waje ya samu. Idan ya fara da 169.254, ko ya nuna sifili huɗu, bai samu komai ba. Idan ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin ya haɗa ka da wasu masu layi a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT, kuma haka Starlink take yi wa layin gida. Intanet zai yi aiki, amma kada ka ɓata dare kana buɗe kafofi don ka ga kyamarar gida daga nesa, ba za su buɗu ta wannan hanya ba. Idan kuwa ya fara da 192.168, modem ɗinka yana nan yana aikin rauta a gabanka. Ka mayar da shi yanayin gada idan yana da shi, ya miƙa layi kai tsaye. A Starlink akwai saitin tsallake rauta, sai dai ka sani idan ka kunna shi Wi-Fi ɗinta zai mutu, kuma ba a dawo da shi sai an mayar da ita saitin masana'anta. Tsohuwar rautarsu ta biyu ba ta da kafar kebul ma sam, sai an sayi adaftarta daban.

Kada ka bar Wi-Fi na modem a kunne. Wannan ita ce hanyar bayan fage da ta fi yawa. An sha wahala an gina katanga, amma wayoyin gida suna nan jone da modem kai tsaye kamar da, ba abin da yake bi ta cikin na'urar sai kwamfuta ɗaya. Ka kashe shi, ka kuma tabbata ba wani kebul da ya fito daga modem sai wanda ya tafi kafar WAJE. Kada ka taɓa soka kebul ɗin waje da na ciki a suwich ɗaya, ko da na minti biyar ne, ko da kafofi sun ƙare.

Rautar da za ta ba gida Wi-Fi, bayan katanga za ta zauna. Ka kashe rabon adireshinta, ka ba ta tsayayyen adireshi a rukuninka na ciki, ka soka kebul a kafarta ta LAN, ka bar ta WAN ɗinta fanko. Masu rabon adireshi biyu a gida ɗaya rikici ne mai wuyar ganowa, domin wata waya za ta yi aiki, wata ta ƙi, gobe su yi musaya.

Kada ka haɗe ragowar kafofin katinka don su zama suwich. Ƙaramin suwich mai kafa biyar ko takwas ya fi su iya wannan aiki. Kafa ta uku, idan akwai, ka ware ta ga baƙi da kyamarori da talabijin, da rukunin adireshinta daban.

Ka duba gudun da kowace kafa ta tashi da shi. Gigabit yana buƙatar duk silin waya takwas da ke cikin kebul, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Don haka idan sili ɗaya bai kama ba wajen matse kai, ba lallai kebul ya mutu ba, yana iya saukowa 100 shiru, kai kuma ka yi ta ƙorafi a kan kamfani. Ka sayi Cat5e ko Cat6 na jan ƙarfe zalla, ka guji mai alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, saurin karyewa gare shi. Kada tsawo ya wuce mita 100. Kada kuma ka tilasta gudu da hannu a gefe ɗaya ka bar ɗaya gefen yana zaɓa da kansa. Ka bar su biyun su daidaita tsakaninsu.

Idan kati yana yanke-yanke, ko katangar a cikin kwamfutar kwaikwayo ka girka ta, ka kashe saitin da yake ɗora wa kati lissafin tantance ƙunshin bayanai, ka sake tayar da na'urar, sannan ka sake gwadawa kafin ka yanke wa katin hukunci.

Ka yi gwaji daki-daki, kada ka buɗe burauza ka ce ya yi ko bai yi ba. Daga cikin katangar ka yi ping zuwa mafitarka. Idan ya amsa, ka yi zuwa 1.1.1.1 ko 8.8.8.8. Idan ya amsa, ka yi da sunan wani shafi. Sannan ka maimaita daga kwamfutar da ke cikin gida. Inda ya tsaya, nan ciwon yake: lamba ta amsa suna ya ƙi, DNS ne. Katanga ta fita kwamfutar gida ta kasa, ka koma kan adireshin ciki da ƙa'idojin LAN.

Ka sauya kalmar sirri kafin kebul ɗin waje ya shiga. Wadda pfSense da OPNsense suke zuwa da ita a rubuce take a littafin jagoransu, duniya ta san ta. Kada ka buɗe shafin sarrafawa ta ɓangaren waje don ka riƙa leƙawa daga ofis. Idan buƙatar ta zama dole, ka bi ta VPN. Kada kuma ka manta da IPv6. Inda kamfani yake bayar da shi, kowace na'ura a gida tana iya samun adireshin da duniya take gani, don haka duk ƙa'idar da ka rubuta ka duba ta shafi tsarin biyu. Bayan ka gama, ka kashe Wi-Fi a wayarka, ka hau data, ka gwada shiga adireshinka na waje. Kada komai ya amsa maka.

Ka yi shirin ɗaukewar wuta, domin za a ɗauke. A BIOS akwai saitin da yake sa kwamfuta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, ka kunna shi, ka kuma sauya ɗan batirin CR2032 na madabod, domin idan ya mutu saitin zai goge, agogo ya rikice. Wajen girka pfSense ko OPNsense ka zaɓi ZFS, ya fi jure yankewar wuta ba shiri. Ka ɗora katangar da modem da suwich a kan UPS ko inbata ɗaya. Ka yi lissafin ci tun da wuri: tsohuwar kwamfuta mai jan wat 60 tana cin kilowat-awa 1.44 kullum, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne a kan batirin sola. Da damina kada ka ja kebul ɗin jan ƙarfe a sararin sama daga wannan gini zuwa wancan. Tsawa ba sai ta faɗo a kansa ba, ta kusa ma tana iya ƙona kafar kati. Tsakanin gine-gine faiba ake ja, ita ba ta ɗaukar lantarki. Bayan hunturu ka buɗe akwatin ka busa ƙura, domin katin mai kafa huɗu yana zafi, kuma don saba mai fanka da yawa aka ƙera shi.

Ka adana kwafin saiti a filashi da zarar komai ya daidaita, ka sake adanawa duk sadda ka yi gyara. A pfSense da OPNsense fayil ɗaya ne, config.xml, kuma akwai sirrinka a ciki, har da kalmar PPPoE, don haka kada ka tura shi a zauren WhatsApp kana neman taimako. Ka ajiye kati ɗaya na ko-ta-kwana, iri ɗaya da wanda ke ciki. Idan ka maye gurbin re0 da igb0, sunan ya canza, na'urar za ta tsaya wajen tashi ta nemi a sake raba mata kafofi, kuma ba za ka iya amsa mata ta burauza ba. Don haka kada ka sauya kati sai da allo da kibod a kusa, da takardar nan da ka rubuta adireshin MAC a kanta, kuma sabon katin ma ka bi kafofinsa da kebul ɗaya-ɗaya kafin ka jona modem.